GCC da gargaɗin bariyabul ɗin da ba a zuba wa komai ba: yana da amfani, amma shirunsa ba shaida bane

Jama'a barkanmu da warhaka. Na daɗe ina son inyi magana akan GCC, wato kwamfailan da yake mayar da kod ɗin da ka rubuta zuwa firogiram mai aiki, ba wai GCC gaba ɗayansa ba dan wannan sai dai littafi guda, a'a ɓangare ɗaya tak, wato gargaɗin da yake bayarwa idan mutum ya buɗe bariyabul, wato gurbin ajiye daraja, a yaren C bai zuba masa komai ba sannan yazo ya karanta shi. Ina ɗan koyar da C da yamma anan Samaru, yawancin masu zuwa ƴan ABU ne, ƴan injiniya da ƴan kwamfuta, sai ɗaiɗaiku da suke tasowa daga Nuhu Bamalli, kuma wallahi babu kuskuren da yake dawo mana kullum kamar wannan. Ra'ayina tun daga farko shine GCC kayan aiki ne mai kyau kuma kyauta ne, in yayi maka gargaɗi ka tsaya ka saurara, amma in yayi shiru dan Allah kar ka ɗauka kod ɗinka ya wanku, domin akan wannan matsalar shirunsa baya nufin komai.

Ga wanda bai riga ya gane abun ba. In ka rubuta int jimilla; a cikin fankshin, abunda C yake yi shine ya ware maka gurbi a memori, shikenan, baya share gurbin. Kamar allon makaranta ne da aka miƙo maka ba a wanke ba, rubutun wanda ya riga ka yana nan akai, in ka kama karantawa to karatun wani kake yi ba naka ba. Bariyabul na waje, wanda aka rubuta a saman fayil ko wanda aka sa wa static, shi dokar C ta ce da sifili yake farawa, wannan babu matsala. Na cikin fankshin ne da kuma memorin da ka roƙa malloc ya baka suke zuwa da tarkacen baya, calloc kam yana sharewa. Kuma ba mantuwa Dennis Ritchie yayi ba lokacin da ya ƙirƙiro C a Bell Labs wajen 1972, injinan wancan zamanin irinsu PDP-11 basu da ƙarfin da za a riƙa ɓata musu lokaci da share duk wani gurbi, sai aka bar nauyin akan mai rubutu, har yau kuma a kansa yake.

Abunda yasa yake cin mutane shine sau da yawa firogiram ɗin yana aiki lafiya lau. Yaro ya rubuta lup yana tara makin ɗalibai, jimilla += maki[i], bai fara da sifili ba, yayi ron a laptop ɗinsa amsa ta fito daidai saboda anyi sa'a gurbin sifili ne a ciki, ya gwada ya sake gwadawa duk daidai, sai ranar da zai nuna aikin a wata kwamfutar daban kawai yaga wata lamba doguwa har da alamar ragi a gabanta, gumi ya karyo masa a gaban malami. Kuma abun ya wuce maganar tarkace ma. A ƙa'idar C, karanta irin wannan bariyabul ɗin yana cikin abubuwan da ba a fayyace sakamakonsu ba, ma'ana kwamfaila yanada damar yayi duk abunda yaga dama da wannan layin, zan kawo misalin hakan a ƙasa dan shine ya fi damuna.

Bari in fara da alherin GCC dan yanada shi da yawa. Tun 1987 Richard Stallman ya fitar da shi, kyauta, babu lasisin da zaka saya babu kirak ɗin da zaka nema a wajen masu saka sofwaya, yana tafiya akan tsohuwar laptop mai ram 4GB ba tare da ta ɗauki zafi ba, kuma da zarar ka sauke shi baka ƙara buƙatar data. Ga ɗalibin da yake lissafin kuɗin data da na keke napep daga Kwangila zuwa Samaru wannan ba ƙaramin abu bane. In matsalar a fili take, kamar ka buɗe x a layi na biyar ka buga shi da printf a layi na shida, to da -Wall zai kama ka nan take, ya rubuta maka "is used uninitialized" ya baka sunan fayil da lambar layi, sababbin fitowar har suna nuna maka inda ka buɗe bariyabul ɗin. Kuma suna ƙara gyara shi, GCC 11 na 2021 ya fara gano wasu karance-karance daga memorin da malloc ya bayar ba a rubuta komai a ciki ba, abunda tsofaffin basa gani ko kaɗan. Duk wannan na yaba.

Amma matsala ta farko itace a kashe gargaɗin yake zuwa. In ka buga gcc aiki.c -o aiki haka kawai, zai haɗa maka firogiram ya miƙo maka ko tari bazaiyi ba, sai ka ƙara -Wall da kanka. To mai koyo ina yasan da wani -Wall? A Code::Blocks, editan rubuta kod, wanda shine mafi yawan ɗalibanmu suke amfani da shi, in ka buɗe sabon furojet na konsol yana saka maka -Wall da kansa, madalla, amma yawancin yara basa buɗe furojet, fayil ɗaya suke buɗewa su rubuta su danna F9, a nan kuma saitin gama gari ne yake aiki wanda babu -Wall a ciki sai in kai ka shiga ka kunna. Ga kuma tsufa, Code::Blocks 20.03 da ake ta turawa juna a filash GCC 8.1 ne a cikinsa, masu Dev-C++ 5.11 kuma 4.9.2 ne nasu, to duk gyare-gyaren da nace anyi a 11 basu shafe su ba. Ƴan injiniyan da suke haɗa furojet da Arduino su nasu ya fi ma, dan a Arduino IDE zaɓin gargaɗin kwamfaila akan None yake zuwa, sai ka shiga Preferences ka mayar dashi All da hannunka, alhali avr-gcc ne a ƙasa kuma zai iya taimakonka da an barshi yayi magana.

Ta biyu, kuma ita ce mutane basu sani ba ko da waɗanda suka daɗe suna rubutu. GCC gargaɗi biyu gareshi akan wannan abun, -Wuninitialized na wanda ya tabbatar, sai -Wmaybe-uninitialized na wanda yake zargi, wanda aka ware shi daban tun GCC 4.7 a 2012. Shi na biyun, wanda shine yake kama yawancin kurakuran gaske irin na cikin if da lup da switch, baya aiki sosai sai ka kunna gyaran ƙara gudu wato -O1 ko -O2, littafin GCC ɗin da kansa ya faɗi haka. Dalili kuwa shine GCC baya bin sawun inda kowace daraja ta fito da inda ta nufa sai a lokacin da yake ƙoƙarin ƙara wa kod gudu, gargaɗin a wannan binciken yake raɓe. To duba yadda abun yake juyewa, lokacin da kake koyo ko kake neman kuskure a Debug kake, da -g babu -O ko ɗaya, lokacin kuma shine yake makance, sai ka koma Release inda ake saka -O2 sannan zai fara cewa "may be used uninitialized". Ɗalibai nawa ne suke taɓa danna Release? Ni a ganina wannan tsari ne da bai kyautata wa mai koyo ba sam. Sannan kod ɗaya zai iya bada gargaɗi a -O2 yayi shiru a -O1, ko yayi magana a wannan fitowar yayi shiru a ta gaba, ba dan ka canza ko harafi ɗaya ba.

Yanzu ga misalin da nace ya fi damuna, ku gwada da kanku.

int yaci(int maki) {
    int amsa;
    if (maki >= 40)
        amsa = 1;
    return amsa;
}

Kowa yana gani da idonsa cewa in maki bai kai 40 ba amsa bata samu komai ba. Ka haɗa wannan da gcc -Wall -Wextra -O2, shiru. Ba shirun bane kawai, abunda yake yi a ciki shine ya duba yace amsa ko dai 1 ce ko kuma abunda ba a fayyace ba, tunda ba a fayyace ba ai inada damar in ɗauka shima 1 ne, sai ya goge if ɗin gaba ɗaya ya mayar da fankshin ɗin return 1 kawai. Kenan mai maki 12 yaci mai maki 90 yaci, kowa yaci, kuma kafin a iso matakin da ake duba gargaɗi shaidar ta riga ta ɓace, babu sauran bariyabul ɗin da za a yi ƙorafi akai. Wannan ba sabon abu bane, yana cikin rajistar matsalolin GCC da lamba 18501, tun 2004 aka shigar da shi kuma ya kwashe shekara da shekaru a buɗe mutane suna ta sake kawo rahoton abu ɗaya. Wanda yake son ya gani da idonsa ya buɗe shafin intanet na Compiler Explorer na Matt Godbolt ko a waya ne, ya liƙa kod ɗin ya saka -O2, zaiga babu kwatanta maki da 40 ko ɗaya a abunda ya fito. Ka yi tunanin ba makin jarabawa bane, fankshin ne da yake duba ko batirin sola ya cika a yanke caji, ko wanda yake duba ko fasuwod daidai ne. Shiyasa nake ɗaukar abun da zafi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ihun banza. Wani lokacin kod ɗinka daidai yake, ka zuba daraja a ƙarƙashin wani sharaɗi ka karanta a ƙarƙashin sharaɗin da kai kasan tare suke tafiya, amma GCC ya kasa haɗa su sai ya dage da "may be used". Ba laifinsa bane gaba ɗaya, babu kwamfailan da zai iya sanin duk hanyar da firogiram zai bi, dole ko ya wuce gona da iri ko ya gaza. Amma yawan ihun har ya kai masu kanel ɗin Linux, waɗanda suna cikin manyan masu amfani da GCC a duniya, shugabansu Linus Torvalds ya kashe -Wmaybe-uninitialized a ginin yau da kullum a 2020. A 2020 ɗin kuma suka cire wata dabara da suka daɗe suna yi ta rufe bakin kwamfaila, wadda asalinta rubuta int x = x; ne, ka zuba wa bariyabul kansa, GCC sai ya ɗauka kasan abunda kake yi yayi shiru. Na sha ganin wannan dabarar a kod ɗin da yara suke kwafowa daga intanet, kar ku yi, bata gyara komai ba, in kuma kuna son GCC ya riƙa tona ta to ku ƙara -Winit-self dan a C baya cikin -Wall.

To anan ne Clang, wani kwamfailan C ɗin daban, ya burge ni, kuma gaskiya akan wannan fannin kaɗai na fi ba mai koyo shawarar Clang. Shi na gidan LLVM ne, Chris Lattner da abokan aikinsa, ya fito 2007. Bambancinsa shine yana yin binciken tun a matakin karanta kod kafin a taɓa komai, saboda haka ko -O0 ko -O2 amsa ɗaya zai baka. Ka bashi wancan fankshin ɗin na yaci da -Wall kawai, zai gaya maka amsa ana amfani da ita ba a zuba mata komai ba duk lokacin da sharaɗin if bai cika ba, ya nuna maka if ɗin, ya nuna maka return ɗin. Wannan bayanin kamar malami ne a zaune kusa da kai, yaro yana karantawa yake gane inda ya karkace ba sai ya kira ni ba. Wani abun daɗi kuma, masu rubuta kod a waya da manhajar Termux, kuma suna da yawa anan musamman in an ɗauke wuta laptop ta mutu, in kayi pkg install clang to Clang ɗin kake amfani da shi, ko gcc ka buga a Termux shi yake amsawa. Kenan wanda yake fama da ƙaramin allon waya ya fi mai Dev-C++ samun gargaɗi mai kyau akan wannan matsalar. Shima dai ba waliyyi bane, tunda baya zurfafa bincike irin na GCC a -O2 akwai abubuwan da suke ratsa fankshin zuwa fankshin da GCC zai gani bayan ya haɗe su shi bazai gani ba, kuma nasa gargaɗin na zargi, -Wconditional-uninitialized, baya cikin -Wall, in ka kunna shi surutunsa yawa gareshi.

Akwai inda dukansu biyun suke yin shiru kuma shine wanda yafi faruwa a ajinmu, wato scanf, fankshin ɗin da yake karɓar abunda mai amfani ya buga. Ka rubuta int shekaru; scanf("%d", &shekaru); mai amfani ya buga "ashirin" da haruffa maimakon 20, scanf ya kasa, shekaru yana nan da tarkacensa, kai kuma ka wuce kana lissafi da shi. Kwamfaila yaga ka miƙa adireshin ga wani fankshin sai ya kyautata zato cewa an cika shi. A Ubuntu in ka saka -O2 zai ɗan yi maka ƙorafin cewa kayi watsi da abunda scanf ya dawo da shi, wannan ƙorafin gaskiya ne ku daina tsallake shi, ku duba ko ya dawo da 1. Haka jerin gurabe irin int maki[50] da ka cika rabi ka karanta duka, galibi babu mai ce maka uffan.

Sai maganar da nake yawan yi da ɗalibai har suna cewa malam ka cika nanatawa. In gargaɗi ya fito, abu mafi sauƙi shine ka je ka rubuta = 0 ya ɓace. Wani lokacin hakan ne daidai, jimilla ai da sifili ya kamata ta fara. Amma wani lokacin gargaɗin yana gaya maka ne ka manta wani else ko wani case gaba ɗaya, in ka toshe shi da sifili to ka mayar da kuskuren da ake iya gani zuwa wanda babu kayan aikin da zai sake ganinsa, firogiram zai riƙa bada amsar da ba daidai ba cikin natsuwa kullum. Ka fara tambayar kanka ta wace hanya aka bi aka iso nan ba a zuba komai ba. Kuma tun C99 an halatta ka buɗe bariyabul a daidai inda zaka fara amfani da shi, ba dole sai ka jera su duka a saman fankshin kamar yadda tsofaffin handawut suke nunawa ba, wannan kaɗai yana kashe irin wannan kuskuren fiye da yadda kuke zato. Wanda yake ganin rufe bakin gargaɗi ba tare da fahimta ba ƙaramin abu ne ya nemi labarin OpenSSL, sofwayar ɓoye bayanai, a Linux ɗin Debian. A 2006 an cire wasu layuka a wajen da ake haɗa lambobin sirri saboda kayan binciken memori mai suna Valgrind yana ƙorafin ana amfani da memorin da ba a cika ba, ashe ɗaya daga cikin layukan shine yake zuba kusan duk rikitarwar da makullan suke dogaro da ita, sai ya zama makullan da za a iya samarwa na kowane iri basu wuce wajen 32,767 ba, kuma ba a gano ba sai a Mayun 2008 da Luciano Bello ya tono shi. Kusan shekara biyu sabobi a duniya suna aiki da makullan da za a iya lissafo su.

Tunda na ambaci Valgrind, shi ba kwamfaila bane, yana zama ne ya kalli firogiram ɗinka yana gudu, duk inda aka yanke hukunci akan darajar da ba a cika ba sai ya rubuta "Conditional jump or move depends on uninitialised value(s)", in ka ƙara --track-origins=yes har asalin inda tarkacen ya fito zai nuna maka. Shi yake kama na scanf da na malloc da na jerin gurabe. Sai dai yana rage gudu sau goma ko fiye, hanyar da ka bi a gwajin kaɗai yake gani, kuma baya tafiya akan Windows kai tsaye sai ta WSL, wato Linux a cikin Windows, ko ka saka Linux ɗin kansa, wanda hakan yana kore yara da yawa. Clang yanada nasa, -fsanitize=memory, ya fi sauri amma shima ba na Windows bane, kuma kar ku rikita shi da -fsanitize=address, wancan baya kama wannan matsalar ko kaɗan, mutane da yawa suna zaton yana yi. Ga masu Arduino Uno kuwa babu ɗaya daga cikin waɗannan, memorin aiki 2KB ne kacal akan ATmega328P, gargaɗin kwamfaila shine kawai abunda kuke da shi, shiyasa barinsa akan None yake min ciwo.

GCC 12 na 2022 ya kawo abubuwa biyu da suka ƙara masa maki a wajena. -fanalyzer wanda aka fara a GCC 10 ya koyi gano karanta darajar da ba a cika ba, kuma yana zana maka hanyar mataki mataki, daga nan aka shiga nan aka tsallake nan, yana da nauyi akan babban furojet amma akan aikin aji babu damuwa. Sai -ftrivial-auto-var-init, in ka bashi =zero ya share duk bariyabul na cikin fankshin da sifili, in ka bashi =pattern ya cika su da wata daraja ta musamman dan kuskuren ya fito iri ɗaya kullum maimakon yau ya ɓuya gobe ya bayyana. Lokacin gwaji ni pattern nafi so, zero kuma na abunda za a miƙa wa mutane ne a matsayin kariya, ba wai ya gyara kod ɗin bane.

Abunda muke yi a ajinmu yanzu shine duk wanda ya zo ranar farko, kafin ya rubuta komai, sai mun shiga Settings sannan Compiler a Code::Blocks ɗinsa mun kunna -Wall da -Wextra da -O2 a saitin gama gari, mun ƙara -Werror=uninitialized da -Werror=maybe-uninitialized dan ya ƙi haɗawa gaba ɗaya maimakon gargaɗin ya wuce a ƙasan allo ba a karanta ba. Mai data ya sauke MSYS2, wani kunshin kayan aiki na Windows, ya samu GCC na yanzu da Clang tare, mara data yazo da filash in tura masa. Kuma aiki baya zuwa teburina sai ya bi ta kwamfaila biyun, in babu Clang a laptop ɗin a tura fayil ɗin waya a haɗa shi a Termux.